Cinikin Biri A Sama: Kafin A Sayi Mazda RX-8 Mai Giyar Otomatik

Duk wanda ya saba bin titin Kubwa ko hanyar filin jirgin sama a Abuja ya san wuraren dillalan motoci da ke jere a bakin hanya. Jefi-jefi, a tsakanin Corolla da Camry da Honda, ido kan faɗa a kan wata gajeruwar mota mai kwantaccen goshi, wadda ƙofofinta biyu na baya ke buɗewa ta baya kamar ƙyauren taga. Sunanta Mazda RX-8. Siffarta ce ke fara tsayar da saurayi, kuɗinta kuma shi ke ƙarasa shi, domin sau da yawa ba ta kai Corolla sa'arta tsada ba. Dillali kuwa da ya ga an tsaya sai ya matso da fara'a ya ce, “Yallaɓai, ai wannan ta manya ce. Ga ta kuma otomatik, ba ruwanka da taka kuloci a cunkoson Nyanya.”

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ke sayar da motar, kuma ita ce ya kamata ta sa mai saye ya dakata. Akwatin giyar otomatik na wannan mota ba shi ne ya saba kwantar da ita ba. Abin da ke kwantar da ita shi ne injin, kuma irin zaman da mai giyar otomatik ke so ya yi da motarsa, watau tafiya a hankali, gajeren zango, da daɗewa cikin cunkoso, shi ne ainihin zaman da wannan inji ba ya ƙauna.

Sai an buɗe bonet kafin a gane dalili. Injin da kowane makaniki a Apo ko Kugbo ya tashi ya tarar yana da fistin da ke hawa da sauka cikin silinda, da bawul, da zobba. Wannan ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. A madadinsu akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, a kira shi majuyi, wanda ke juyawa cikin wani gida mai siffar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Yayin da yake juyawa, kowace fuska cikin fuskokinsa uku tana zuƙar iska da fetur, ta matse su, wuta ta kama, sa'an nan ta fitar da hayaƙi. RX-8 tana da irin wannan majuyi guda biyu, kuma duk girman injin bai wuce lita 1.3 ba, abin da ko ƙaramar motar haya ta fi shi a takarda. Amma ƙarfin da yake bayarwa ya kai na injin da ya ninka shi, kuma yana juyawa sumul ba jijjiga, da wata irin ƙara mai kama da ta keken ɗinki idan tela ya ɗau zafi.

A bakin kowace kusurwa ta majuyin akwai wani siririn ƙarfe, sil, wanda ke goge jikin gidan yana hana iskar da aka matse tserewa. Shi ne a matsayin zoben fistin. Rayuwar injin duka a kan waɗannan 'yan ƙarafa shida da 'yan'uwansu na gefe ta rataya. Idan suka cinye, ko suka maƙale, matsi ya zube, to injin ya tafi, ko da kuwa fentin motar yana ɗaukar ido.

Ba yau aka fara fama da su ba. Bajamushe ne, Felix Wankel, ya ƙago wannan tsari, mutumin da ya rasu a 1988 bai taɓa mallakar lasin tuƙi ba. Kamfanin NSU na Jamus ya tayar da injin gwaji na farko a 1957, kuma bayan shekara goma ya fito da wata mota mai suna Ro 80, wadda aka zaɓa gwarzuwar motocin Turai ta 1968. Ita ma, abin lura, ba ta da kuloci na ƙafa. Ba a jima ba injinan farko suka fara mutuwa, waɗansu tun kafin su cika kilomita 50,000, kamfanin ya yi ta sauya wa mutane inji kyauta har aljihunsa ya huje, Volkswagen ya haɗiye shi a 1969. Har yanzu ana ba da labari, ko gaskiya ko ba'a, cewa masu Ro 80 idan sun yi kiciɓis a hanya ba sa ɗaga wa juna hannu haka kawai, sai dai kowa ya ɗaga yatsu daidai yawan injin da aka sauya masa.

Mutanen Hiroshima ne suka ƙi saki. Kamfanin da ake kira Mazda a yau ya sayi izinin ƙera injin a 1961, ya ɗora injiniya Kenichi Yamamoto a kan wata ƙungiya ta injiniyoyi 47, suka yi shekaru suna yaƙi da zanen da sil ke bari a jikin gidan, wanda suka laƙaba wa suna yagar farcen shaiɗan. Sun fito da Cosmo Sport a 1967. Tsadar man fetur ta 1973, wadda ta cika baitulmalin Nijeriya, ta kusa rufe kamfanin saboda shan man injin. Duk da haka suka ci gaba, suka yi RX-7 daga 1978, kuma a 1991, shekarar da gwamnati ta taso daga Legas ta tare a Abuja, motarsu mai irin wannan inji ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Saboda haka wanda ya ce injin ba shi da ƙarko sam bai yi adalci ba. Ya yi kwana da yini yana gudu ba hutawa ya ci gasa. Sai dai a lura da irin aikin da ya ci gasar da shi: gudu ne, ba rarrafe ba.

RX-8 ta fito a 2003, aka daina ƙera ta a watan Yuni na 2012, bayan an yi sama da 190,000. Wannan kaɗai ya isa darasi ga mai saye. Mafi ƙuruciyar RX-8 a duniya ta haura shekara goma, kuma tun 2022 hukumar kwastan ta bayyana cewa ba a shigo da motar da ta wuce shekara 12. Watau wadda ke tsaye a bakin titin Kubwa, mafi rinjaye, ta riga ta yi zama a hannun wani a ƙasar nan, wataƙila a hannun mutum biyu ko uku, kuma babu wanda ya ajiye takardar abin da aka yi mata. In kuwa asalinta daga Japan take, to sitiyarinta a dama aka yi shi, wani ya mayar da shi hagu, wannan kuma wata rigima ce daban da ta shafi wayoyi da birki.

To, a dawo kan otomatik. Ba duka ne iri ɗaya ba, kuma a nan dillalai da yawa ba su san abin da suke sayarwa ba. Waɗanda aka sayar a Amurka a 2004 da 2005 suna da giya huɗu, injinsu kuma an rage masa ƙofofin shan iska, ƙarfinsa doki 197, alhali mai giyar hannu tana da 238. Mai giyar hannu tana iya juyawa har sau 9,000 a minti, otomatik kuwa an tsayar da ita a 7,500. Daɗin daɗawa, mai giyar hannu an ba ta ƙananan lagireto biyu na sanyaya baƙin mai, ita kuwa otomatik ta farko guda ɗaya aka ba ta. Daga 2006 aka koma giya shida, ƙarfin ya hau zuwa doki 212. Sai a ƙirar 2009 aka yi babban gyara, aka ƙara wa kowane majuyi bututu na uku mai feso baƙin mai. Saboda haka mafi hatsari ita ce ta 2004 da 2005, mafi dama-dama kuwa ta 2009 zuwa 2011. Ba sai an dogara da bakin dillali ba. A motar Amurka, harafi na goma cikin lambar jikinta, wadda ake hangowa ta gilashin gaba wajen direba, shi ke faɗin shekara: 4 na nufin 2004, 9 na nufin 2009, A kuwa 2010, B 2011.

Shi kansa kamfanin ya san da matsalar. A 2006 ya kira motocin da ya sayar a Amurka domin a sake tsara kwamfutarsu a kuma gwada injin, waɗanda suka faɗi aka sauya musu. A 2008 ya tsawaita garantin injin ƙirar 2004 zuwa 2008 har shekara takwas ko mil 100,000. Wannan alkawari ya ƙare tuntuni, kuma dama bai taɓa ƙetaro teku ba.

Maganar feso baƙin mai tana bukatar bayani, gama a nan ne yawancin masu motar ke yin kuskure na farko. A injin fistin, idan baƙin mai yana raguwa, alamar ciwo ce. A wannan kuwa da gangan aka yi shi ya sha, domin akwai wani ɗan famfo da ke ɗiga man a cikin ɗakin wuta don ya jiƙa sil, sa'an nan ya ƙone tare da fetur. Kusan dabara ɗaya ce da ta ƙaramin janareta da ake gauraya wa mai a tanki, shi ya sa ma waɗansu masu motar ke ƙara ɗan man babur mai bugu biyu a cikin fetur ɗinsu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kamfanin ya ce a duba sandar awon baƙin mai duk bayan shan fetur biyu. Wanda ya saba da Corolla, wadda ba a buɗe bonet ɗinta sai ranar sabis, zai iya yin wata uku bai duba ba, kuma wata ukun nan sun isa.

Kuskure na biyu shi ne lallaɓawa. Man da ke ƙonewa da fetur ɗin da bai gama cinyewa ba suna barin kunkunniya a jikin majuyi da cikin ramukan sil. Idan injin ya yi zafi sosai aka kuma taka shi ya juya da ƙarfi, yakan kakkaɓe ta. Idan kuwa kullum a hankali ake tafiya, sai ta taru ta daskare, sil ya maƙale ya daina dannuwa a jikin gidan. Giyar otomatik, bisa ɗabi'arta, tana gaggawar hawa giya ta sama domin ta rage juyin inji ta yi tattalin mai. Ma'aikacin da ya fito daga Karu ko Mararaba da ƙarfe bakwai na safe, ya yi awa guda yana jan ƙafa har zuwa AYA da na'urar sanyi a kunne, ya ajiye mota a sakatariya, da yamma ya sake maimaitawa, zai iya yin wata shida allurar juyin injinsa ba ta haura 3,000 ba. Shi a ganinsa tattalin motar yake yi. Mai giyar hannu, ko bai yi niyya ba, yakan ja giya ta yi ƙara lokaci-lokaci, wannan kuwa sai ya yi da gangan: ya mayar da sandar giya ɓangaren da ake sauyawa da hannu, ya riƙe ta a giya ta ƙasa har allura ta kusanci jan layi. Ba sai an karya dokar gudu ba, domin a giya ta farko ko ta biyu ake yi, a buɗaɗɗen titi, bayan inji ya yi zafi. A faɗi wannan da kyau saboda samarin da ke mayar da titunan Abuja fagen tsere ranar Lahadi kada su ce an ba su fatawa.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ke ba sabon mai ita mamaki. Idan aka tayar da ita da sanyin safiya, aka matsar da ita daga bakin ƙofa domin wata motar ta fita, aka kashe nan take, tana iya ƙin tashi bayan haka, domin fetur ya cika ɗakin wuta ya jiƙa fulogi. A gidan haya mai motoci biyar da ƙofa ɗaya, kamar yadda ake zaune a Lugbe da Kubwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganinta a bar ta ta yi zafi kafin a kashe. In ta riga ta shaƙe, a danne totur har ƙasa a riƙa ba ta ki, domin haka ke sa kwamfutar ta yanke fetur. Wadda ba otomatik ba akan tura ta ta tashi. Wannan kuwa ba ta turuwa.

Zafi shi ne na uku. A watan Maris zafin Abuja kan kai digiri 37, kuma wannan inji dama mai zafin jiki ne. An haɗa shi ne da faifan alminiyam da na ƙarfe a jere, da robobi a tsakaninsu masu tare ruwa. Injin fistin kan yi zafi ya ƙone gasket a sauya a ci gaba da tafiya. Wannan in ya tafasa sau ɗaya da kyau, sai an sauke shi an warware shi gaba ɗaya. Al'adar nan ta waɗansu makanikai ta cire tamostat da zuba ruwan rijiya a lagireto, wadda Peugeot 504 ta jure shekara da shekaru, ba ta da wuri a nan. Haka kuma fulogi huɗu da kwayil huɗu da ke ba su wuta: suna aiki fiye da na sauran motoci, suna kuma saurin gajiya, masu motar da yawa kan sauya su tun wajen kilomita 50,000. Idan wuta ta yi rauni, ɗanyen fetur kan wuce ya narka matatar hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, ita kuma in ta toshe sai ta mayar wa injin zafi. Ciwon da ya fara daga kwayil sai ya ƙare a sauke inji.

Shan mai kuwa ba a ɓoye yake ba. Ma'aunin hukumar Amurka ya ba ta kusan kilomita bakwai a kan lita ɗaya a cikin gari, goma a babbar hanya, kuma wancan gari ba shi da cunkoson Nyanya. Tankinta wajen lita 60 ne. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 lissafin ya sauya, kuma a watan Oktoba na 2024, lokacin da lita ta haura naira 1,000 a Abuja, cika tankin nan ya kusa cinye mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Kamfanin ya so a ba ta fetur mai babbar daraja, alhali a yawancin gidajen mai na ƙasar nan famfo iri ɗaya ne, abin da ya zo shi ake sha. Ba a manta da gurɓataccen fetur na watan Fabrairun 2022 ba.

Duk da haka akwai mai son ta, kuma son yana da hujja, domin a kan kwana da santsin sitiyari kaɗan ne cikin motoci masu kuɗinta ke kama ƙafarta. Wanda ya ƙudura, to kada ya yi cinikin biri a sama. Mitar da ke nuna nisan tafiya ba shaida ba ce, domin ana mayar da ita baya, kuma ko ba a taɓa ta ba, inji mai kilomita 80,000 da aka lallaɓa zai iya fin mai 150,000 da aka kula da shi lalacewa. Tashi da ki ɗaya da safe ma ba shaida ba ce. Wannan inji saɓanin sauran yake: idan ya fara mutuwa, da sanyi yakan tashi lafiya, sai ya yi zafi yake gardama. Saboda haka a fita da ita a yi tafiya ta minti ashirin ko talatin, a tsaya, a kashe, a jira minti biyu ko biyar, a sake ba ta ki. In ta yi ta gurnani kafin ta kama, an ga abin da ake nema. Dillalin da ya ce fetur ɗin ciki ba zai kai ba, a saya masa lita biyar. Wanda ya ƙi duk da haka, ya riga ya ba da amsa.

Babban gwaji shi ne awon matsi, kuma ba da irin gejin da ke rataye a kowane gareji ake yinsa ba. Wancan lamba ɗaya yake bayarwa, mafi girma, saboda haka fuska ɗaya mai lafiya kan rufa wa biyu marasa lafiya asiri. Na wannan inji yana ba da lamba shida, uku ga kowane majuyi, tare da saurin juyin da aka auna su a kai, kuma da zafi ake auna shi. Littafin gyara na kamfanin ya sa lafiyayyen inji a kilofaskal 830 idan yana juyi 250 a minti, mafi ƙaranci kuma 680. Abin da ya gaza haka inji ne mai jiran saukewa, sai a cire kuɗin saukewar daga farashi ko a yi sallama. Mai saye ya nemi a rubuta masa lambobin shida a takarda ya gani da idonsa. Kalmar “ba matsala, Alhaji” ba lamba ba ce.

A nan ne kuma tambayar da ta fi kowace nauyi ke fitowa, wadda ya kamata a yi tun kafin a je wurin dillali: wa zai gyara? Idan aka kewaya Apo da Gudu da kasuwar kayan gyara ta Zuba ba a sami wanda ke da wannan geji ba, to wanda ba shi da abin auna injin da wuya ya iya warware shi ya mayar. A tambayi makaniki fulogi nawa motar ke da su, kuma me ya bambanta na sama da na ƙasa. In ya yi shiru ya ce duk inji inji ne, a gode masa. Injin gwanjo da za a aiko daga Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano shi ma sai an auna shi, domin ba a cika cire lafiyayye daga jikin mota ba. Sil da robobi kuwa sai an yi odarsu daga waje da dala, a jira makonni, motar tana rufe da tamfol.

Shi ya sa ya kamata a leƙa ƙarƙashin bonet tun kafin a fara maganar kuɗi, domin akwai wadda wani mai ita na baya ya gaji ya cire mata injinta ya dasa na fistin. Irin wannan tana iya kai mutum ofis ta dawo da shi, in an yi aikin da kyau, sai dai ba RX-8 ba ce kuma, riga ce kawai, kuma a kan kuɗin riga za a yi ciniki. A duba ko lambar injin ta dace da abin da ke cikin takardun mota, kafin jami'an duba ababen hawa su duba a bakin hanya.

Wanda ke da wata motar ta zuwa aiki, da wurin ajiya nasa na kansa, da makanikin da ya ga lambobi shida a hannunsa, da kuɗin sake inji a ajiye gefe guda, zai iya sayen ta 2009 zuwa sama ya ji daɗinta ranar Asabar a hanyar Zuba. Ma'aikacin da zai haɗa bashin ƙungiyar adashi ta ofis da kuɗin hayar baɗi ya sayi ta 2004 mai giya huɗu, ta zama ita kaɗai ce motarsa daga Mararaba, gara ya koma ga Corollar da ke gefenta. Wanda ya saya kuma ya buɗe but kafin ya bar wurin dillali: yawancinsu ba su zo da tayar sifiya ba, sai ɗan famfo da gorar ruwan liƙe taya, wanda ya daɗe da bushewa. Zai nemi taya, ya kuma bar wa galan ɗin baƙin mai wuri a gefenta.